Gargaɗi ga masu gini a Zariya: a kula da masu tallan rufin shingil a hunturun nan

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda gininsa ya kai linta yana shirin rufi, musamman a sababbin unguwanni ta wajen Ɗan Magaji, Gwargwaje, Dogarawa da bayan Samaru, ya tsaya ya karanta. Ni kafinta ne, rufi sana'ata ce, kuma abin da nake gani ya isa a yi magana.

Wasu mutane na bin kangaye suna karɓar lambar mai gida a hannun birkila ko mai gadi. Sai su kira ka da ladabi: "Ranka ya daɗe Alhaji, muna da ragowar shingil daga wata kwangila a Abuja, rabin kuɗi za mu ba ka." Su turo hotunan gidaje ta WhatsApp, waɗanda ba su san ko hanyarsu ba. Daga nan sai kafin alƙalami, fiye da rabin kuɗin aiki, a asusun da sunansa daban da na mai maganar. Rasit kuwa kullum "gobe".

Shingil ɗin nan falle ne na kwalta da aka yayyafa wa tsakuwa ƙanana. Ba a kafa shi kan rafta kai tsaye kamar kwano. Sai an shimfiɗa filawud mai kauri, a bi shi da shimfiɗar hana ruwa, sannan a jera fallayen, kowanne ƙusa 4, inda iska ke da ƙarfi 6. Kowane falle yana da layin kwalta wanda zafin rana ke narkarwa ya kama na kusa da shi. Su kuwa silin bod suke sawa a madadin filawud, su tsallake shimfiɗar, su buga ƙusa bibbiyu. Kayan ma tsohon ajiya ne da ya sha rana. Ka goga hannu tsakuwar ta biyo ka, ka lanƙwasa ya tsage.

Inda suka fi ba ni haushi shi ne maganar "gam ɗin sanyi". Ana tsakiyar aiki za su ce sanyi ya hana shi kamawa, sai ka ƙara kuɗi a sayo wani gam daga Legas. Gaskiya ne a Amurka da Kanada ana taka-tsantsan da shingil idan sanyi ya kai wajen digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, don yana ƙagewa ya karye. Amma yaushe Zariya ta ga wannan? Ko a tsakiyar Janairu, da hantsi ya ɗaga rufi ya ɗau zafi. Matsalarmu ƙura ce: in ta kwanta kan layin kwaltar kafin ya kama, ba zai kama ba, sai an bi falle-falle da hannu an manna. Wannan aikin ne ba sa yi, kuɗin gam ɗin kuma aljihu yake tafiya.

Ba banza suka zaɓi hunturu ba. Daga Nuwamba har Afrilu babu ruwan da zai tona musu asiri. Ranar da guguwar farkon damina ta ɗaga fallayen, ruwa ya sauko kan silin da wayoyin wuta, layin wayarsu ya daɗe a kashe.

Don Allah kafin ka ba da ko sisi, ka je shagon mutum da ƙafarka, ya kai ka gidan da ya rufa wanda ya ci damina, ka gana da mai gidan. Ka hau da kafintan da ka yarda da shi ku ga filawud ɗin kafin a rufe shi. Cikon kuɗi kuma ka riƙe sai an jawo tiyo an kwarara ruwa a kan rufin kana tsaye a ciki. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana shaidar banki da saƙonnin, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa tun lambar tana shiga.