Awa 40 a takarda, wata bakwai a fili: sharhina kan makarantar da na koyi tuƙin helikwafta

Tun da na dawo gida, tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Wai wata nawa ake yi kafin a samu lasisin tuƙa helikwafta?" Ni ma ita na yi wa wata makaranta a jihar Fulorida ta Amurka kafin in biya ko sisi, suka amsa mini da cewa wata uku zuwa huɗu. Na yi wata bakwai da 'yan kwanaki a can, na tashi awa 64, ban da kusan wata uku da takardu suka ci tun ina gida. Ba ƙarya suka yi mini ba, amma akwai abin da suka bari a ciki ba su faɗa ba.

Hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta sa awa 40 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum zai tashi kafin ya shiga jarrabawar lasisin tuƙi na ƙashin kai. A ciki aƙalla awa 20 tare da malami, awa 10 kuma kai kaɗai. Akwai awa 3 na tashin dare, akwai doguwar tafiya ta mil 100 na awon teku da za ka yi kai kaɗai, ka sauka a wurare uku. Makarantun da hukumar ta amince da manhajarsu kan sauko zuwa awa 35. Waɗannan alƙaluma su ake rubutawa a talla, a kansu kuma ake yi maka lissafin kuɗi. Cikin waɗanda muka yi zama tare, ban ga ko mutum ɗaya da ya gama a awa 40 ba.

Batun takardu ba zan ja shi ba. Makaranta za ta aiko maka da fom ɗin I-20, wato shaidar ta karɓe ka, ka nemi bizar M-1 ta ɗaliban koyon sana'a, sannan hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta tantance ka a matsayin baƙo, har da ɗaukar zanen yatsu. Sai gwajin lafiya mai daraja ta uku wurin likitan da FAA ta yarda da shi. A wannan fannin makarantar ta kyauta, duk saƙon da na aika ana amsa shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Jirgin da na koya da shi Robinson R22 ne, mai kujera biyu, ƙirar Kalifoniya. Ɗan ƙarami ne ƙwarai, har akwai iyakar nauyin da kujera ke ɗauka, kusan kilo 109. Yana kuma da wata doka ta musamman da ake kira SFAR 73, wadda ta hana ɗalibi tashi da shi shi kaɗai sai ya cika awa 20 tare da malami. Ke nan rabin awa 40 ɗin nan ya tafi kafin a sakar maka jirgi ko da na minti biyar.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsayar da jirgi cak a iska, ɗan sama da ƙasa kaɗan. Malamina na farko, wani saurayi mai haƙuri, yakan kai ni wani fili mai ciyawa da ya kai filin ƙwallo girma. Ya fara ba ni abin takawa na ƙafa kawai, wanda ke juya hancin jirgi. Bayan haka ya ƙara mini sandar hannun hagu mai kama da birkin hannu na mota, ita ce ke ɗaga jirgi ta sauke shi. Daga ƙarshe ya sakar mini ta hannun dama. Daƙiƙa biyar ba ta cika ba sai jirgi ya soma lilo, gaba, baya, gefe, kowane lilo ya fi na baya faɗi, har sai ya karɓe. Rigata takan jiƙe sharkaf, yatsuna su sage saboda damƙa. Kullum maganarsa ɗaya ce: in ɗora hannu a kan cinya, in riƙe sandar da yatsu uku, in daina kallon ciyawa in dubi itatuwan da ke can nesa. A awa ta 11 abin ya zauna. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga jirgi ya tsaya shiru, na waiga na ga malamin ya ɗauke hannuwansa yana murmushi. A wannan ranar na yarda kuɗina bai tafi a banza ba.

To, ina sauran watannin suka tafi? Nan ne ƙorafina yake.

An ce mini suna da R22 guda uku. Da na isa na tarar an kwance ɗaya ana yi masa garambawul ɗin da kamfani ya wajabta bayan awa 2,200, aikin da ke ɗaukar watanni. Sauran biyun kuma kowanne sai an duba shi bayan duk awa 100, ɗalibai kuwa mun haura goma. Makon da aka dace in tashi sau huɗu, wani makon sau ɗaya. Sai damina ta shigo. A Fulorida daga watan Yuni hadari kan taso kusan kullum bayan azahar, da tsawa da walƙiya, kowa ya koma rububin tashin safe. Ana cikin haka malamina ya samu aiki a wani kamfani ya tafi, domin yawancin malaman nan tara awanni suke yi su wuce gaba. Wanda ya gaje shi gwani ne, amma dole ya ga komai da idonsa kafin ya sa hannu a littafina, wannan kaɗai ya ci awa biyar.

Tuƙin helikwafta aikin hannu ne, kuma hannu na mantuwa. Na taɓa yin kwana 16 ban tashi ba, da na koma sai da na yi awa biyu kafin in dawo inda na tsaya. Kowace awa kuma ɗaruruwan daloli ce, ga kuɗin ɗaki, ga abinci, ga naira na ta faɗuwa. Wani dare na kira yayana, wanda ya tallafa mini da wani kaso na kuɗin, na ce, "Yaya, lissafin nan fa ya wuce inda muka tsaya." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ƙanena, wanda ya kai tsakiyar kogi ba ya juyawa. Ka ƙarasa, Allah zai rufa asiri."

Ranar da na fara tashi ni kaɗai, a awa ta 29, malamin ya sauka ya tsaya a gefen fili da rediyo a hannu. Ya riga ya gargaɗe ni cewa jirgi zai yi sauƙi, hancinsa zai ɗaga tunda babu nauyinsa a kujerar hagu. Haka kuwa aka yi. Na yi bismilla na zaga fili sau uku na sauka, ƙafafuna na rawa.

Akwai laifin da yake nawa. Na jinkirta rubutacciyar jarrabawa, mai tambaya 60 da ake cinye ta da kashi 70 cikin ɗari, alhali sakamakonta na aiki har wata 24. Da na yi karatunta tun ina gida, da na rage makonni. Sai kuma jiran mai jarrabawar ƙarshe, wanda ba ma'aikacin makaranta ba ne, mako uku cur, ina ta biyan kuɗin tashi don kada hannu ya yi sanyi, musamman atisayen saukar da jirgi idan inji ya mutu.

Idan maki zan ba su, koyarwa da kula da lafiyar jirgi 9 cikin 10. Ban taɓa ganin an tashi da jirgin da ake shakkarsa ba, kuma ba su taɓa matsa mini in tashi cikin mummunan yanayi ba. Tsara lokaci da faɗin gaskiyar tsawon zama kuwa 5. Mai niyyar zuwa ya tambaye su a rubuce: jirgi nawa ne ke tashi a yanzu, ɗalibi nawa ne a kansu, sau nawa za a ba shi a mako. Wanda zai samu tashi sau huɗu ko biyar a mako, ya kuma isa bayan damina, wata uku zuwa huɗun nan mai yiwuwa ne. A kuma sani wannan lasisin ba na neman abinci ba ne. Na aiki yana buƙatar awa 150, sannan tuƙa jirgi mai rajistar Najeriya sai an bi ta hukumar kula da sufurin sama ta Najeriya, NCAA.

Jarrabawar ƙarshe ta zo a watan Satumba, tambayoyin baka kusan awa biyu, tashi awa ɗaya da ɗoriya. Da muka sauka mai jarrabawar ya jira farfela ta tsaya, ya miƙo mini hannu, ya buga mini takardar wucin gadi mai aiki na kwana 120. Ita na riƙo na dawo gida, katin kansa sai daga baya wani aboki ya aiko mini.