Hostal mai zaman kansa ga ɗalibin famasi: yana biyan bukata, amma ba har ƙarshen karatu ba

Ɗakunan haya da 'yan kasuwa ke ginawa daf da jami'a suna sayar da abu ɗaya ne: kusanci. Ɗaki da gado da tebur, ruwa da wuta a cikin kuɗin haya, mai gadi a ƙofa, sai tafiyar minti goma zuwa ɗakin lacca. Ga ɗalibin harhaɗa magunguna wannan ciniki ne mai kyau a shekarun farko, amma a shekarun ƙarshe yakan zama kaya. Dalilin yana cikin tsarin karatun kansa.

A farkon karatu rayuwar ɗalibi a lab take, wato ɗakin gwaje-gwaje. Da safe lacca, da rana firaktikal (darasin gwaji da hannu) na kimiyyar sinadaran magani, ko na haɗa magani, ko na tsirran da ake samun magani daga gare su. Firaktikal ɗaya yakan ci awa 3, kuma ba ya tashi da ƙararrawa: wanda ruwan gwajinsa bai sauya launi daidai ba sai ya sake daga farko. Bayan an fito akwai rahoton da za a rubuta, da lissafin ma'auni. A nan hostal ɗin kusa yake cin kuɗinsa. Wanda ke tafiyar minti 40 zuwa, 40 dawowa, kwana 5 a mako, yana zubar da awa 6 da minti 40 a hanya kowane mako. Lokacin rubuta rahoto biyu ke nan. Ga kuma ƙa'idar lab: wanda ya makara ya rasa bayanin kariya na farko, sau da yawa ba a barinsa ya shiga, kuma ba kasafai ake maimaita firaktikal don mutum ɗaya ba.

Ɗakunan kansu kuwa, sai an duba da ido. Abin da ya fi yawan kasawa shi ne tebur. Masu ginin sukan sa ɗan ƙarami wanda kwamfuta kaɗai ke cika shi, alhali ɗalibin famasi yana buɗe babban littafin ilimin aikin magani a jiki, da littafin rubutu, da kalkuleta, duk a lokaci guda. Teburin da bai kai santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi ba, zai mayar da kai karatu a kan gado, karatun gado kuma barci ne. A ƙirga soket: 2 kusa da tebur shi ne mafi ƙaranci. A duba kusurwar bango da bayan kabad, in akwai baƙin tabo ko warin danshi, littattafai za su yi funfuna. A buɗe famfo a ga ƙarfin ruwa, musamman a hawa na sama. A kira wani daga cikin ɗakin, ƙofa a rufe, don a san ko sabis yana shiga.

Akwai abin da kusan babu mai hostal da ya yi tunaninsa: farar rigar lab. Ana wanke ta ita kaɗai, ba a haɗa ta da sauran tufafi saboda abin da ya fantsama a kanta, kuma dole ta bushe kafin firaktikal na gaba. Hostal ɗin da ba shi da wurin shanya mai iska zai tilasta maka sayen riga ta biyu. (Ko da wurin shanyar ma, riga biyu ta fi kwanciyar hankali.)

Surutu shi ne babban aibin irin waɗannan gidaje. Ɗalibai daga sassa daban-daban ne a ciki, jarrabawarsu ba ta faɗuwa rana ɗaya, mai gwaji gobe yana maƙwabtaka da wanda ya gama nasa jiya. Kada a je duba ɗaki da tsakar rana, lokacin kowa yana aji. A je da ƙarfe 9 na dare, a tsaya a baranda minti goma. Ɗakin da ke kusa da matakala ko kicin na tarayya a bar wa wani.

Inda cinikin ke lalacewa shi ne shekarun ƙarshe. Karatu yana komawa asibitin koyarwa da shagunan magani: zagayen marasa lafiya da sassafe, aiki a ɗakin ba da magani, sauya wuri bayan 'yan makonni. Asibitin ba lallai ne ya kasance cikin harabar jami'a ba, wani lokaci yana can ɗaya gefen gari. Sai ga ɗalibi yana biyan tsadar kusanci da ajin da ya daina shiga, yana kuma biyan kuɗin mota zuwa asibiti. Masu hostal sun fi son yarjejeniyar wata 12 da ake biya gaba ɗaya, wasu ma suna rage kuɗi ga mai ɗaure kansa shekara 2. Wannan ragin tarko ne ga ɗan famasi. Kafin sa hannu a tambayi ofishin tsangaya shekarar da ake fara zuwa asibiti da wuraren da ake turawa, sannan a tsayar da yarjejeniyar ta ƙare kafin lokacin.

A takardar a nemi abu uku a rubuce: ko za ka iya miƙa ɗakin ga wani ɗalibi idan an tura ka nesa, ko kuɗin wuta yana da iyaka da ake cajin abin da ya haura, da kuma kwana nawa ake ɗauka kafin a mayar da kuɗin ajiya, wato jinginar da ake karɓa lokacin shiga. Ranar shiga a ɗauki hoton kowane tsagewar bango da karyayyen makulli a aika wa mai kula da gidan, domin daga kuɗin ajiyar ake cire gyaran abin da ba kai ka ɓata ba.

Batun abokin ɗaki, ɗan ajinku ya fi dacewa: lokacin tashinku ɗaya, makon jarrabawarku ɗaya, ga mai yi maka tambayoyin sunayen magunguna kafin barci. Sai dai a tambaye shi tun farko ko shi mai karatu da murya ne.