Kware, Wurno, Goronyo: A Biya Masu Shirya Tafiya ko Mutum Ya Kai Kansa?

Da zarar hunturu ya kama a Sakkwato, sai tallan fita yawon buɗe ido na yini ɗaya ya fara zagaya WhatsApp da Facebook. Galibi matasa ne ke shiryawa, wani lokaci ƙungiyoyin ɗalibai, kuma tsarin kusan ɗaya ne: bas mai kujera 14 ko 18, tashi da sassafe, abincin rana, jagora, mai ɗaukar hoto, a dawo gida kafin magariba. Wuraren da aka fi ambata su ne tafkin Kware, fadamar Wurno da madatsar ruwa ta Goronyo. Hukuncina a kansu ba ɗaya ba ne. Kware ba ta bukatar ka biya kowa. Wurno da Goronyo sun cancanci kuɗin, amma da sharaɗi guda: jagoran ya kasance mutumin da aka sani a garin da za a je, ba ɗan birnin da ya taɓa zuwa sau biyu ya ɗauki hoto ba.

Kafin ka tura kuɗi, yi wannan lissafin. Je tasha ka tambayi direba nawa zai yi maka shatar bas zuwa wurin da dawowa, ka raba da yawan kujeru, ka ɗora kuɗin abinci da ruwa na mutum ɗaya. Abin da ya rage tsakanin wannan da kuɗin da ke cikin talla shi ne farashin jagora. Ba laifi ba ne ya ci riba, aikinsa ne. Tambayar ita ce me yake sayar maka da wannan ragowar. Idan ya san sunan sarkin ruwa, ya yi waya da wani a garin jiya da dare, ya tanadi jirgin ruwa tun kafin ku iso, to kuɗin halal ne. Idan ba haka ba, shatar mota kawai ka saya da tsada.

Babbar matsalar waɗannan tafiye-tafiye ita ce lokaci. Tsuntsayen fadama suna kiwo ne daga ketowar alfijir zuwa wajen ƙarfe 9. Rana na ɗagawa sai su shige ciyawa ko su ja can tsakiyar ruwa. Talla zai ce ƙarfe 6:30, amma a aikace sau da yawa ba a barin gari sai 8 ta gota. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai shiryawa ya karɓi rabin kuɗi, ragowar sai an haɗu da safe, don haka ba zai iya barin wanda ya makara ba. Tambaye shi kai tsaye ko yana karɓar kuɗi duka tun jajibiri. Wanda ya ce eh, shi ne ke iya tashi a kan lokaci. A nan mai tafiya da kansa ya fi kowa riba, don yana idar da sallar asuba zai iya kama hanya.

Shi ya sa na ce Kware ba ta bukatar jagora. Tana kan hanyar Illela, kimanin kilomita 20 daga birni, kuma motocin haya ba sa yankewa. Ka sauka cikin gari, ɗan kabu-kabu ya kai ka bakin tafki, ku yi alkawarin lokacin da zai dawo, ka riƙe lambarsa, kuma kada ka biya shi kuɗin dawowa tun farko. Tsakanin Disamba da Fabrairu za ka ga balbela da zalɓe da kirinjijiya, da zakaran ƙeƙuwa da ke tada hankalin kowa da kukansa, ga masunta na duba kayan da suka kafa da dare. Shamuwa kam kada wani ya yi maka alkawarinta a hunturu, sai damina ta ƙarato take zuwa. Matsalar wannan lokaci ita ce hazo: ran da ya yi kauri, ɗaya gefen tafkin ma ba ka gani, kuma hoto duk fari yake fitowa. Mai zaman kansa sai ya ɗage zuwa gobe. Wanda ya biya rukuni dole ya je.

Wurno wani abu ne daban, kuma a nan ne jagora na gari ke nuna amfaninsa. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba ta hanyar Achida. Kowa ya san hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, kuma wannan ko ba jagora za ka same shi. Abin da baƙo ke wucewa bai gani ba shi ne fadamar kanta: fangalin albasa da tafarnuwa da shinkafa, injinan ban ruwa, da gawo da ke tsaye kore shar a tsakiyar rani alhali sauran itatuwa sun kaɗe. Sai kuma tuddan da ke kewaye. Wannan yanki duka teku ne shekaru miliyoyi da suka wuce, shi ya sa ake samun ɓawon halittun ruwa da haƙoran kifi da suka zama dutse a cikin ƙasar tuddan, kuma shi ya sa akwai farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina. Har wata ƙatuwar dabbar teku ta wancan zamani masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, saboda a ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwanta. Jagoran da ya san kwazazzabon da ruwa ya zaizaye zai kai ka daidai wurin cikin minti ashirin. Kai kaɗai, sai ka yini kana taka su ba ka san me kake takawa ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

Akwai kuma maganar shiga gari. Ba a faɗa wa gonar mutane da kyamara haka kawai. A fara da ƙofar hakimi ko mai unguwa, a cire takalmi, a ce "Ranka shi daɗe, baƙi ne daga birni, mun zo ganin fadama," a ajiye ɗan abin goro. Sau da yawa zai haɗa ku da yaro ya raka ku, kuma daga nan duk manomin da kuka tarar, "Sannu da aiki, Baba" ta wadatar. Rukunin da ya tsallake wannan mataki shi ne ke samun matsala: mutum goma sha takwas sun bi ta kan fangalin albasa sun rushe bakin ruwa, ko wani ya ɗauki hoton matan da ke ɗiban ruwa ba izini. Jagora mai hankali yana raba mutane gida uku, ya bi da su ta gefen kwatar ruwa, kuma ya faɗa musu tun cikin mota wanda ba a ɗauka hoto.

Goronyo ita ce mafi nisa, kuma ita ce ba zan ba kowa shawarar ya je shi kaɗai ba. Madatsar tana kan gulbin Rima, gabas da garin Goronyo, an kammala ta a 1984, tsawonta kilomita 12.5, tudunta mita 21, kuma an gina ta ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wato wuri ne na gwamnati mai ma'aikata da masu gadi, ba filin shaƙatawa ba. Wanda ya zo ba sanarwa, ana iya tsayar da shi a ƙofa, ko a hana shi ɗaukar hoton ƙofofin sakin ruwa. Tambayi mai shirya tafiyar wa ya ba shi izini, kuma a rubuce ne ko da baki. Ka kuma duba wata: bayan damina zuwa Janairu ruwan na cike, ya yi faɗi har ido ba ya kaiwa ƙarshensa, a Afrilu da Mayu ya ja baya, ga zafin da ke haura digiri 40, sai ka yi tafiyar awa biyu ka tarar da taɓo da busasshen gaɓa.

Shiga jirgi shi ne abin da ake tallatawa da shi, kuma shi ne wurin da na fi rage wa yawancin masu shiryawa maki. Jihar nan ta sha ganin kifewar jirage, a Goronyo da Shagari da wasu wurare, kuma kusan kullum lodi ne ya yi yawa, ba rigar kariya. Ka ce a nuna maka rigunan a cikin mota kafin a bar Sakkwato, ka ƙirga su da yawan mutane. "Akwai su can" ba amsa ba ce. Matuƙin jirgi ne ke faɗin mutum nawa za su shiga, ba mai shirya tafiya da ke son a gama a sawu ɗaya ba. Kada a shiga da la'asar sakaliya lokacin da iska ke tashi, kuma kada kowa ya miƙe tsaye don hoto. Wanka a ruwan da ke kwance, a Kware ne ko a bakin madatsa, a bar shi: tsargiya ta fata take shiga, kuma sai bayan makonni ake ganin jini a fitsari.

Tsaro ba abin da za a kauce wa faɗinsa ba ne. Gabashin jihar, daga Rabah da Wurno da Goronyo har Isa da Sabon Birni, ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, kuma hanyar da take lafiya makon jiya ba lallai ta kasance haka yau ba. Intanet ba za ta gaya maka wannan ba. Direbobin layin da mutanen gari ne suka sani. Jagoran da ya cancanci kuɗinsa yana waya da daddare, ya sake yi da asuba, kuma ya juyo da mutane ƙarfe 3 ko da ba a gama ba. Sabis na waya yana yankewa a wurare da dama, don haka a bar wa wani a gida sunan direba da lambar mota da lokacin dawowa. Kowa ya riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro. Kufan Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi mai ganuwar dutse da ke wajen Binji, ana sa shi cikin wasu tallace-tallacen. Wuri ne da ya isa a gani, amma shi ma sai da sahalewar mutanen yankin a ranar.

Kayan tafiya kuwa, ko da rukuni ko kai kaɗai, kada ka dogara da kowa a kan ruwan sha. Mutum ɗaya na bukatar lita 3 zuwa 4 a yini, wato ledar fiya wata 6 zuwa 8, don haka jaka mai guda 20 ta mutum uku ce, ba ta rabin mota ba. Takalmi rufaffe da safa saboda ƙarangiya da ƙayar aduwa, malafa, rigar sanyi ta safiya, tsabar kuɗi ƙanana don ba ko'ina ake samun mai POS ba. Idan motarka ce, cika tanki a birni, ka duba safaya da jak, ka ɗauki famfon iska, domin yashin hanyar fadama sai an rage wa taya iska, a mayar idan an hau kwalta.

Sharaɗi na ƙarshe da za a yi da mai shiryawa, a rubuce a WhatsApp: idan aka soke tafiya saboda labarin hanya, nawa za a mayar maka, kuma cikin kwana nawa. Wanda bai da wannan tsari, ranar da aka yi masa waya daga ƙauye aka ce kada ya zo, kuɗin motar da ya riga ya biya ne zai fara tunawa.