Kalandar tarihi ta Babbar Kasuwa: shafin Fabrairu

Wani mai ɗab'i a cikin birnin Katsina ya fitar da kalandar bango wadda a ƙarƙashin wasu ranakun aka rubuta abin da ya taɓa faruwa a irin ranar. Naira 1,500 na saye ta wurin masu littattafai a Babbar Kasuwa, kuma shafin Fabrairu ne ya fi cika.

Ranar 3 ita kaɗai abu biyu ta ɗauko: cin Kano da Turawa suka yi a 1903 lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato, da kuma 1976 da Janar Murtala ya mayar da jihohi 19 ya ce Abuja ce za ta zama babban birni. Kwana 10 tsakani, Juma'a 13 ga wata, su Dimka suka harbe shi a Legas yana hanyar ofis. Nan kam an kyauta, an sa hotonsa babba. Akwai sakin Mandela ranar 11 a 1990, akwai dawowar Umaru Musa 'Yar'aduwa daga jinya a Saudiyya ranar 24 a 2010, Allah Ya jiƙansa.

Inda raina ya ɓaci ranar 21 ce. Hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804, 10 ga Zulƙida 1218, an cusa ta a layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe, sai na sa tabarau na matso da fitila sannan na karanta. A gefenta kuwa tallar kujeru ta cinye rabin shafi! Wannan hijirar fa ita ce mafarin jihadin da ya kawo Ummarun Dallaje Katsina, ya kawo Malam Isiyaku Daura, ya kora sarakunan Haɓen Katsina zuwa Maraɗi. Bakatsine ya buga kalanda a ce ko kalma ɗaya bai ƙara a kan haka ba?

Takardar ma ba ta da kauri. Iskar hunturu ta nannaɗe gefunanta, hujin ƙusa ya yage, sai da na liƙe da salatif.

Na ce wa mai shagon, "Alhaji, ka gaya masa baɗi ya rage talla." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai tallar ce ta biya kuɗin bugun."

Malaman firamare su saya, za ta yi amfani a aji, amma a manna ta a kwali kafin a rataye.