Wata uku da na koma Opera Mini

Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, gig ɗaya ya daina kai ni ƙarshen mako. Da na kai wayata gyaran caji a kasuwar waya ta Farm Center da ke Kano, yaron shagon ya ɗan latsa ta ya ce, "Yaya, ai manhajojin nan ne suke shanye maka data ko kana barci. Ka koma Opera Mini mana." Dariya na yi, don rabona da wannan burauzar, wato manhajar shiga intanet, tun zamanin Nokia mai madannai.

Ashe gaskiya ya faɗa. Dabararta ita ce shafin da ka nema ba ya zuwa wayarka kai tsaye. Sai ya fara bi ta na'urorin kamfanin, su matse shi, su rage nauyin hotuna, sannan su miƙo maka. Da safe ina shan shayi na karanta BBC Hausa da Aminiya, na leƙa sakamakon ƙwallo, data ta ɗan motsa kaɗan kawai. A ƙauyenmu ma, inda sabis ɗin ke tsayawa a sanda ɗaya, rubutu yana buɗewa. Tana kuma toshe tallace-tallace, abin da ya fi komai sanyaya mini rai.

Amma a kula. Yanayinta mafi matse shafi, wanda suke kira Extreme, na karatu ne kawai. Ranar da zan cike wa ƙanwata fom, na manta ban sauya shi ba, na yi ta danna maɓalli shiru. Gangancina ne. Yanzu harkar banki da fom a Chrome nake yi.

Ribar da ban zata ba ita ce ta wajen ajiya. Wayar tawa mai 32GB ce, kullum cikin kukan cikewa. Na goge manhajoji bakwai, har da wata mai iƙirarin "wanke waya" wadda talla kawai take watso mini. Facebook ma ta burauza nake shiga. Na kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp, don guruf ɗin danginmu kaɗai ya tara fiye da gig uku na wa'azi da bidiyon biki. Jiya na ɗauki hotunan sunan ɗan ƙanena, ko sau ɗaya wayar ba ta ce in goge wani abu ba.