Manhajar fassarar da nake ciniki da Turkawa da ita

Wata shida kenan ina amfani da wata manhajar fassara a waya wajen ciniki da masu shaguna na Laleli a Istanbul, abaya da mayafai nake sarowa, ni ba na jin Turkanci su kuma ba Hausa. Gaskiya wajen farashi da lissafin dozin bata taɓa bani kunya ba, ga sauri ko da netwok ya yi rauni.

Inda take bani ciwon kai shine wajen shi da ita. Turkawa kalma ɗaya tak garesu, "o", namiji o mace o har kujera ma o ce. Mu kuwa baka isa ka buɗe baki ba sai ka zaɓa, ya zo ko ta zo, har wanda ke gabanka sai ka ce masa ka ko ki. To mai shagon ya rubuto min cewa "o" ne zai kai kayana wajen masu jigila, manhaja ta juya min da "zai kai", nayi ta kiran yaron shagon kwana biyu yana cemin bai san zancen ba, ashe ƙanwar mai shagon ake nufi, ita ke riƙe da wannan ɓangaren. Wallahi banga laifin mutumin ba, a wajensa magana a fili take tunda ya san wa yake nufi. Ko Barebari ma a yarensu "shi" ɗin nan mace da namiji duk yana ɗauka, ba abin mamaki bane.

Sai maganar girmamawa, suna da "siz" kamar yadda muke ce wa babba "ku", amma in ya girmama ni da ita sai ta fito min "ka", ni mace da jikoki. Abin na min zafi sosai don ladabin mutumin ne ke ɓacewa a hanya.

Kuma abu ne mai gyaruwa fa. Tun Disambar 2018 Google ta fara nuna fassara biyu in aka rubuta "o bir doktor" daga Turkanci zuwa Turanci, ɗaya likita namiji ɗaya mace, bayan anyi ta ƙorafin cewa kullum likita namiji ne nas kuma mace. Irin wannan nake so masu manhajar nan su yi mana da Hausa, in bata sani ba ta kawo duka biyun ni na zaɓa.

Tauraro uku na bata cikin biyar. Yanzu duk inda naga "zai" sai na ce wa mai shagon ya rubuto min sunan mutumin tukuna.