Taycan ko Model S Plaid? Amsa ga ɗan'uwanmu na Ƙofar Marusa

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Porsche Taycan da Tesla Model S Plaid wacce ta fi, kuma ko irinsu ne ke jan ragamar kasuwar motocin lantarki.

In a miƙaƙƙen titi ne a taka wuta, Plaid ba ta da wasa. Ta fito a 2021 da injinan lantarki uku, ƙarfin doki 1,020, kuma kamfanin ya ce daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 2.1. Ga fili a ciki, mutum biyar, ga wurin kaya. Abin da ban so ba, kusan komai sai ka taɓa allo.

Ita Taycan ta Jamus, wadda ta fito a 2019, don direba aka ƙera ta. A kwana ake gane ta: duk da nauyinta ya haura tan biyu, tana lafewa a titi, sitiyari na bin hannunka. Sun sa mata giya biyu a baya, abin da ba kasafai ake gani a motar lantarki ba, sannan wutarta volt 800 ce a lokacin da yawanci ke kan 400. Amfanin haka, wayoyi ba sa saurin ɗaukar zafi, caji kuma ya fi sauri. Samfurin Taycan Turbo GT na 2024 ya kamo Plaid a ƙarfi, sai dai kuɗinsa ya ninka nata har da ɗoriya.

Batun kasuwa kuwa, sunansu ya fi cinikinsu. A 2024 an sayar da motocin lantarki kusan miliyan 17 a duniya, fiye da rabi a China. Taycan a shekarar ba ta kai 21,000 ba, kusan rabin abin da ta yi a 2023. Masu ɗaukar kasuwa su ne irin motocin kamfanin BYD na China da Tesla Model Y. Aikin masu tsadar shi ne gwajin fasaha da aljihun attajirai: volt 800 ɗin nan, zuwa 2021 ya sauko cikin Hyundai Ioniq 5, motar iyali. Ita kanta Tesla da motar tsere ta fara, Roadster ta 2008, don mutane su daina yi wa motar batir kallon abin wasan yara.

To a nan Katsina fa? Duka biyun a ƙasa suke sosai, batirin kuma a shimfiɗe yake ƙarƙashin mota, don haka kowane tudun rage gudu sai ka karkace ka hau a hankali, gabanka na faɗuwa. Batirin ya kai kilowat-awa 100 ko kusa da haka. Da wuta mai layi uku a gida kwana guda ya isa ya cika, da ƙaramin janareta kuwa ka yi lissafin kwana biyu. Kano, je-ka-ka-dawo, wajen kilomita 350 ne, ga zafin Afrilu da na'urar sanyaya mota na shan nata kason.

Ni dai in an ce zaɓi, Taycan zan ɗauka saboda daɗin tuƙi. Amma kafin ka tura ko sisi, nemo bakaniken da ya taɓa buɗe irinta, ka tambaye shi inda yake samo kayan gyara.